Rakiyar Faifan Kawu Arzika

Tun da na dawo daga ƙasar Arewa ta Nijar, wajen Dogon Dutsi, ban samu na gyara rediyo ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya leƙo shagona sai ya ja benci ya zauna ya ce, "To Bashiru, yaya ƙasar Faransanci? Da gaske ne abin da muka ji?" Na ba da labarin har ya fara canza kama a bakin mutane. Jiya wani ya tare ni a masallaci yana tambaya wai da gaske an ɗaure mu a kan iyaka. Ba a ɗaure kowa ba. Ga yadda abin ya kasance, in rubuta shi sau ɗaya in huta.

Ni gyaran rediyo nake yi a Argungu, ina kuma ba da hayar lasifika ga masu wa'azi da masu suna. Mahaifiyata 'yar wani ƙauye ce kusa da Kiyeshe, aure ya kawo ta Najeriya, amma ni ban taɓa tsallaka iyakar ba. Su uku ne wurin uwarsu. Inna Kulu ce babba, tana can ƙauyen. Sai Kawu Arzika, sai mahaifiyata.

Kawu Arzika ya tafi Yamai karatu yana saurayi, ya faɗa kiɗa a otal-otal, daga nan wasu Turawa suka tafi da shi Beljiyam. Shekara talatin da uku bai taka gida ba. Ko da kakarmu ta rasu bai zo ba, wai suna yawon wasa a wata ƙasa kuma takardunsa ba su cika ba. Tun daga ranar Inna Kulu ba ta ƙara karɓar wayarsa ba. Shi ya sa da ya tashi dawowa bai sauka Yamai ba, ya biyo ta Najeriya ya faɗo gidanmu, da farin gashi har kafaɗa da wani baƙin akwati mai tsawon mutum.

A cikin akwatin fiyano ne mai lantarki. Su biyar ne a ƙungiyarsu, shi ke kaɗa fiyanon. Irin kiɗan nasu wai sunansa rok, amma ba kowane rok ba, shi dai ya fassara mini shi da "rok mai ci gaba". Da na saurara na yarda da sunan, don ci gaba yake yi ba ya tsayawa. Ƙungiyar ta watse da mawaƙinsu ya koma kiwon zuma, sai Kawu ya zauna shi kaɗai ya haɗa faifai nasa na kansa. Kiɗa huɗu ne a ciki, babu muryar kowa, mafi gajarta minti goma sha ɗaya. Kana cikin kama takun kiɗan da ƙafa sai ya zame maka ya koma wani. Yana yawo da guntayen jaridun Turai guda uku a cikin leda. Ɗaya ta yaba, ɗaya ta ce da an rage rabi da ya fi, ta ukun sanarwar ranar fitowar faifan ce kawai, amma ita ma ya adana ta.

Ya fara gwada shi a kan mahaifiyata. Ta zauna ta naɗe hannu cikin ladabi, bayan minti shida ta ce, "Yaya, har yanzu gyara shi kake yi, ko an fara?"

Bai ji haushi ba. Ya ce kunnen da ya yi wa faifan yana ƙauye, kuma ni zan raka shi da lasifika biyu da batirin mota. Mahaifiyata ta ce in tafi, ko don in riƙe shi in Inna Kulu ta ɗauko taɓarya.

Da hantsi muka shiga motar da ke zuwa bakin iyaka. Akwatin ya ƙi shiga but, aka ɗora shi a saman mota aka ɗaure. Wata tsohuwa da ke kujerar baya ta dubi tsawonsa da baƙinsa ta yi salati, ta ce Allah ya jiƙan mai shi. Kawu ya ce mai shi yana nan lafiya, ga shi zaune kusa da ita. Ta matsa.

Muna fita gari Kawu ya miƙa wa direba memori ya roƙe shi ya saka. Kiɗan farko yana farawa ne da wani siririn ƙara da ke tasowa a hankali, kamar ana hura bakin kwalba. Direba ya kasa kunne, ya rage gudu, ya sauka gefen titi ya buɗe gaban mota. Muka fito duka muka tsaya a rana yana taɓa bel yana girgiza wayoyi. Ya ce in tayar masa da motar. Ina murɗa makulli rediyo ya dawo, ƙaran ya dawo. Ya ce, "Ka ji shi ko? Tun Birnin Kabi nake zargin famfon ruwan nan."

Kawu ya ce, "Malam direba, wannan ni ne."

Direba ya dube shi, ya dubi injin, ya rufe. Da muka koma mota ya cire memorin ya miƙa masa da hannu biyu, ya ce ya yi haƙuri, ba ya iya tuƙi da abin da ba ya rarrabe shi da lalacewar mota.

Ɓangarenmu na iyaka ba a tsayar da mu ba. Can ɗaya ɓangaren ne muka iske wani jami'in duwan, wato kwastan ɗinsu, dogo mai tabarau, mutum mai son aikinsa. Hausarsa irin tamu ce sak, su munka da sunka, sai dai duk inda maganar ta zo kan takarda sai ta rikiɗe ta koma Faransanci. Ya sa aka buɗe akwatin. Ya zagaya fiyanon sau biyu, ya buɗe wani littafi mai kauri yana bin layi da yatsa.

Ya kira Kawu da Mushe, wato malam a Faransancinsu, ya ce, "Wanga abu ba shi cikin littahina. Mi yaka yi?"

Kawu ya ce kiɗa.

"In kiɗa yaka yi, a kaɗa in ji."

Wannan ita ce maganar da Kawu ya yi shekara talatin yana jira. Kafin in ce wani abu ya sa na haɗa batir da lasifika a ƙarƙashin rumfar. Ya ɗaure gashinsa, ya rufe ido, ya ɗauko kiɗa na biyu, mai minti goma sha tara. A minti na uku jami'in ya ɗaga hannu alamar ya isa, amma idon Kawu a rufe yake. Manyan motocin albasa suka yi layi a bayanmu. Direbobi suka sauko, masu tallan ruwa suka taru, wani jaki da ke ɗaure jikin shinge ya sa baki daidai inda kiɗan ya yi sama, har wasu suka ɗauka cikin faifan yake. Duk sanda Kawu ya ɗan lafa sai a fara tafi don a sallame shi, sai ya sake ɗaukowa ta wani gefen. Sau huɗu ana tafi.

Da ya gama, jami'in ya cire tabarau ya goge. Ya ce shi dai bai ji abin da zai rubuta da sunan kiɗa ba, don ba wanda ya taka rawa kuma ba a yabi kowa ba. Amma ya lura yatsu goma ake sa wa abin, kuma maɓallansa a jere suke. Ya rubuta shi a matsayin keken rubutu, ya buga hatimi, ya yi mana fatan sauka lafiya. Takardar tana wurina.

Daga nan muka bi ta Tibiri a bayan wata a-kori-kura tare da buhunan wake. A nan na fara cin burodinsu. Namu mai laushi ne, ka matse shi ya koma dunƙule. Nasu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa yana yanka dasashi, kuma a hammata suke ɗaukarsa ba a leda ba. Wutar lantarki kuran suke ce mata, makaranta lakwal, babur ɗin haya kabu-kabu, kwalta gudurun. In ban da wannan, fuskokin namu ne, geron namu ne, har zagin direbobi iri ɗaya.

Da muka hau gudurun muka nufi arewa, sai muka zo mararrabar da ake sauka a shiga ƙauyensu, mai mota ya rage gudu yana kiran masu Kiyeshe. Na taɓa Kawu. Ya sunkuyar da kai tsakanin buhuna ya ce, "Mu wuce Dutsi tukuna. Ba a shiga gida da ƙura." Mutum mai shekara hamsin da shida yana ɓuya a bayan buhun wake don kada wani ya gane shi.

A tashar Dogon Dutsi sai da mutum huɗu suka kama akwatin suka sauke, biyu gaba biyu baya, mu kuma muna biye da su ba mai magana saboda gajiya. Na ga mutane suna ba mu hanya, wani dattijo har ya cire hula, amma ban kawo komai a raina ba.

Muka sauka a wani ƙaramin masauki bayan kasuwa. Ɗakin yana da fanka, fankar tana juyawa, amma iskar ban san inda take zuwa ba. Mai masaukin ta kawo mana kwabto, wato kwaɗon zogale da ƙuli, da dambu mai mai da yawa. Ni na ci na sha ruwa. Kawu ya sa loma ɗaya ya ajiye, idonsa ya kawo ruwa, ya ce yaji ne. Babu yaji a ciki.

A nan ya gaya mini abin da bai gaya wa mahaifiyata ba. Kiɗa na huɗu, na ƙarshe, a kan wata 'yar waƙa ya gina shi, wadda kakarmu ke rera masa yana ƙarami. Kalmomin sun ɓace masa, karin kawai ya rage. Ya gaya wa 'yan jaridar Turai cewa tsohuwar waƙar reno ce ta Arewa, tun ta kaka da kakanni, kuma wannan ne ma abin da suka fi yabawa. Ya ce, "In Yaya Kulu ta ji shi, za ta san ban manta Inna ba. Baki ba zai iya gaya mata ba, Bashiru. Na gwada a waya, ta kashe."

Washegari muka nemi Isufu, ɗan Inna Kulu, mai sayar da salula a kasuwa. Saurayi ne mai gemu da ɗangalallen wando, mai fara'a ƙwarai. Ya rungume Kawu ya yi kuka, ya aika aka kawo shayi. Da ya ji abin da ya kawo mu sai fuskarsa ta canza. Ya ce, "Kawu, ka gahwarce ni, amma ni kiɗa ban sauraren shi, ban kuma kai shi gidan tsohuwata."

Kawu ya ce ya ji tukuna kafin ya yanke hukunci. Isufu ya kira maƙwabtansa biyu, su ma 'yan kasuwa masu karatu, don su zama shaida. Suka zauna a benci na saka musu kiɗa na uku a ƙaramar lasifika. Bayan minti takwas muhawara ta tashi. Ɗaya ya ce kiɗa ne tunda da kayan kiɗa aka yi shi. Na biyu ya ce abin da ake gudu a kiɗa shi ne ya motsa zuciya zuwa ga shagala, shi kuwa tun da aka saka wannan abin mutuwa kawai yake tunawa. Isufu ya ce shi ƙafarsa yake kallo tun ɗazu, ba ta motsa ba ko sau ɗaya. Suka rabu a kan za su tambayi malaminsu. Isufu ya ce kafin amsa ta zo shi ba zai hana ba, ba zai kuma ɗauki lasifika ba. Ya roƙi a ba shi kwana ɗaya ya shirya yadda zai gaya wa uwarsa, don ba maganar waya ba ce.

Da Kawu ya haƙura da kwana ɗayan nan da ba a yi abin da aka yi ba. Amma sai ya ce ya san dabara. Inna Kulu ba ta rabuwa da rediyo, to bari faifan ya riga shi isa gida. Muka je wani ƙaramin gidan rediyo mai zaman kansa, ɗaki biyu da eriya. Mai gabatarwa ya karɓe mu hannu bibbiyu. Ya saurari minti ɗaya ya ce abin ya yi kyau ƙwarai, yana da shirin da ya daɗe yana nema wa irin wannan. Kawu ya rubuta masa sunansa da sunan mahaifinsa da na ƙauye, ya ce a faɗa cewa ɗan gida ne da ya daɗe a Turai, yau ya dawo.

Bayan azahar muna masauki muka kunna rediyo. Ga kiɗan Kawu ya taso, siririn ƙaran nan. Kawu ya miƙe tsaye. Sai murya ta hau kansa a hankali: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Iyalan wane suna sanar da rasuwar…" Shirin sanarwar mutuwa ne. Aka karanta mutum biyar, kiɗan yana tafiya a ƙasa, kuma gaskiya ya dace da su. Da aka gama na biyar, ba tare da ya canza murya ba, mai gabatarwa ya ce, "Sai kuma Arzika ɗan Gado, na wajen Kiyeshe, wanda yad daɗe Turai. Yau Allah ya maido shi gida." Daga nan kuran ya ɗauke.

Na dubi Kawu. Ya ce, "Ka ji yadda ya zauna a rediyo? Faɗin sautin nan?"

Na ce, "Kawu, kashe ka aka yi."

Muka kira Isufu, wayarsa ba ta shiga. Ashe tun da aka yi sanarwar ake ta kiransa ana yi masa gaisuwa har batirinsa ya mutu, shi mai sayar da waya. Da ya iso masaukin a guje ya ce wani ya riga ya shaida wa mutanen ƙauye cewa ya ga akwatin da idonsa a tasha, mutum huɗu na ɗauke da shi. A ƙauyen kuwa sai an hau tudu ake samun layi, ba wanda za a kira ya ƙaryata. Rana ta riga ta yi ƙasa, masu kabu-kabu suka ce yashin hanyar sai da safe.

Da sassafe muka ɗauki kabu-kabu uku. Ni da lasifika da batir a ɗaya, Isufu a ɗaya, Kawu a na gaba da akwatin a gicciye bisa cinyarsa, ya fi faɗin hanyar. Duk inda muka ratsa gonar gero sai karan ya riƙa dukan akwatin ta gefe biyu. Wani Bafillace mai kora shanu ya ja dabbobinsa gefe, ya ɗaga hannu ya yi wa mamacin addu'a. Kawu ya amsa da amin.

Muka iske ƙofar gidan cike. An shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin bishiyar bedi, dattawa sun jeru, liman yana tsakiya, hayaƙi yana tashi daga cikin gida. An ma aika matasa sun fara haƙa kabari. Da aka hango akwatin sai mata suka ɗauki kuka daga ciki. Mutum shida suka taso suka karɓe shi daga hannun Kawu a hankali, ba wanda ya dubi fuskarsa, don ba wanda ya san shi da farin gashi. Wani tsoho ya kama hannunsa ya ce, "Sannu da ɗawainiya. Kai ne abokin nasa na can? Ya sha wuya?"

Kawu ya ce, "Bawa, ni ne. Arzika."

Tsohon ya saki hannun. Ya matsa kusa ya leƙa fuskarsa, ya juya ya dubi akwatin. Ya ce, "To wa ke ciki?"

Sai da na buɗe akwatin a gaban liman kowa ya ga haƙoran fiyano farare da baƙaƙe kafin aka yarda. Wasu suka yi hamdala, wasu dariya, wani da ya taso tun daga wajen Lugu da ƙafa ya ce shi dai ba a kyauta masa ba. Liman ya ce tunda an taru kuma an dafa abinci, a yi wa iyayen da suka riga mu addu'a, kada zaman ya tashi a banza. Aka aika a gaya wa masu haƙa su dakata.

Ana cikin haka Inna Kulu ta fito. Ƙaramar tsohuwa ce, idanunta sun kumbura, da ganinta ba ta runtsa ba. Ta tsaya a bakin zaure ta dube shi tun daga gashi har takalmi. Kawu ya durƙusa a cikin yashi ya ce, "Yaya."

Ta ɗauke kai daga gare shi. Ta juya wurina ta ce, "Kai ne ɗan Hajo? Ka yi kama da ubanka. Shigo ka ci tuwo." Ta dubi Isufu ta ce, "A ba baƙon can ruwa." Ta koma ciki.

Haka aka yi ranar. Ni aka sa ni a ɗaki da tuwon hatsi da miyar kuka da man shanu, shi aka bar shi a waje da masu gaisuwa yana cin abincin makokinsa. Ya ce mini naman ya yi daɗi.

Bayan la'asar ya ce in haɗa kaya a tsakar ƙofar gida. Na ce ko a bari sai gobe. Ya ce in bai yi yau ba, gobe ba zai iya ba. Bai saka faifan ba, da hannunsa ya kaɗa, tun daga na farko. Mutanen ƙauye sun fi na birni haƙuri. Suka zauna suka ji kamar ana karanta musu takardar gwamnati. Wata tsohuwa 'yar bori da ke kusa da ni ta kasa kunne sosai, can ta girgiza kai ta ce mini, "Wanga ba iskar da za ta sauka gare shi. Doguwa na kawowa ƙofa sai shi sake taki, dole ta koma." Inna Kulu ba ta fito ba, amma ta jawo turmi ta kifa ta zauna a bayan darni, muna hango ɗankwalinta.

Sai ya shiga na huɗu. A nan duk hayaniyar ta lafa, ya saura ɗan kari guda mai sauƙi, da hannun dama kawai. Ya maimaita shi sau biyu. A na uku na ga ɗankwalin ya motsa. Inna Kulu ta zagayo ta fito, ta zo har gaban fiyanon ta tsaya.

Ta ce, "Tsaya. Sake wancan."

Ya sake.

"Ina kas samo shi?"

Kawu ya ce, "Waƙar Inna ce, Yaya. Wadda take yi mini. Na gaya wa Turawa waƙar renon Arewa ce ta tun da can, har sun rubuta a jarida."

Ta ce, "Waƙar reno?" Ta juya wajen matan da ke bakin darni. "Kun ji? Wai waƙar reno." Sai ta ɗaga murya, siririya amma daidai da karin, ta rera:

"Cokali guda da sahe,
tsutsa ki tashi,
nan ba gidanku ba ne."

Tsofaffin wurin suka fashe da dariya gaba ɗaya, wasu suka kama rerawa tare da ita. Bawa har da buga sanda a ƙasa. Ashe tallar maganin tsutsar ciki ce da ake sakawa a rediyo suna yara.

Inna Kulu ta ce, "Cikinka ya kumbura kamar tulu, kana shekara huɗu, ka ƙi shan magani. Ni ke danne ka, Inna na yi maka wagga waƙa har ka buɗe baki. Ita ce kak kai ma Turawa?"

Kawu ya dubi ledar jaridunsa da ke kan fiyanon. Can shi ma dariyar ta kama shi, ya yi ta yi har ya dafa maɓallan da gwiwar hannu suka yi wani ƙara.

Inna Kulu ba ta yi dariya ba. Ta jira aka lafa. Ta ce, "Bayan ka tahi, duk randa anka ambaci sunanka cikin gidan ga, ba ta cewa komi. Sai ta tashi ta kama wani aiki tana wagga waƙa. Har ciwonta na ƙarshe. Ni na ɗauka kai ka manta."

Kawu ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan fararen maɓallan, bai share ba.

Ta sa gefen zanenta ta goge maɓallan, ba fuskarsa ba. Ta ce, "Sake shi. Shi kaɗai, ban da sauran tarkacen. Kuma kana jan shi da yawa, Inna ba ta ja haka."

Ya sa yatsa ɗaya ya kaɗa, tana tsaye a kansa tana gyara masa. Sau biyar tana mayar da shi farko. Da ya yi daidai ta ce, "To. Tashi ka shigo ciki, Arzika. Kuma gobe a aske wanga gashi."

Kwana uku na ƙara na dawo ni kaɗai da lasifikata. Na baro shi zaune bisa tabarma a tsakar gida, kansa a aske tas, Inna Kulu tana faɗa masa sunayen waɗanda suka mutu tun tafiyarsa, gida-gida, yana cewa Allah ya jiƙansu. Da na yi musu sallama sun kai gida na tara, kuma ta ce ba inda zai je sai sun gama ƙauyen.